Durum Biyu da Na Kai wa Baba Garba

Shekaru sun ja, amma ranar da muka rusa ajiyar Baba Garba da hannunmu ba ta taɓa fita daga raina ba. Wata Talata ce a watan Nuwamba na 2013. A lokacin ina shekara ta biyar da tuƙa motar ɗaukar kaya a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, a nan ƙasar Larabawa. Ku da kuka zo daga baya kuna jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To yau ku ji shi daga bakin wanda ya kunna wutar.

Baba Garba mutumin Gumel ne, shi ke kula da awo a rumfar albasa ta wani Balarabe, kuma ya haura shekara ashirin a kasuwar. Yawancinmu leburori da direbobi ba mu saba da banki ba. Wani iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare. Wani kuma ɗaki ɗaya suke kwana su takwas, ba inda zai ɓoye ko riyal goma. Saboda haka in an biya albashi sai a kai wa Baba. Kowa ya san ba a akwati yake jibge kuɗin ba. Kuɗin wani ne ke sabunta iƙamar wani, da shi ake sayen tikitin wanda aka yi wa rasuwa a gida, wani kashin kuma yana cikin buhunan albasa da sanin kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa. Ka'idar guda ce: in kana son kuɗinka, ka faɗa masa yau, ka karɓa jibi. Ba a taɓa jin ya saɓa ba.

A wannan watan ne wa'adin gyara takardu ya ƙare, aka shiga kame gadan-gadan. Kullum sai ka ji an ce wane ya tafi. Zukata duk a tsaye suke.

Da safiyar ranar, bayan mun gama sauke tumatir, Baba ya kira ni ya ce, "Usaini, ɗana, taimaka ka kai mini waɗannan ofishin kago, wurin masu aika kaya, a unguwar Batha." Manyan durum ne shuɗɗa guda biyu, irin waɗanda ake aika kaya gida a cikinsu. A wurinmu durum ɗaya tsaraba ce, amma durum biyu a lokaci guda ma'anarsa mutum ya samu huruj, wato fita ta ƙarshe wadda ba dawowa. Da nake ɗora su na ga an rubuta a jikinsu: iyalan marigayi Sa'idu, Haɗejiya. Baba ya ce wani bawan Allah ne da ya yi aiki a Birnin Masana'antu na Biyu, ya rasu kafin Babbar Sallah, aka binne shi a maƙabartar Oud. Shekara tara yana tara kaya a wurin Baba, har da keken ɗinki na matarsa. Na kai, aka auna, aka ba ni rasit mai ɗauke da wannan sunan, na ninke na sa a aljihun gaba.

Da na dawo, maimakon in wuce rumfa, sai na tsaya shan shayi. A nan na tarar da Lawan, wani direba da muke kira Rediyo, don shi ko batir ba ya buƙata. Ya ce ina na shiga tun safe. Na ce, "Durum biyu na kai wa Baba Garba kago." Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Lawan ya ajiye kofi ya ce, "Biyu? Kai, ruwa ba ya tsami banza." Ya tashi bai ma ƙarasa shayin ba. Na buɗe baki in kira shi, sai wani tunani ya shige ni: to in da gaske ne fa? In sunan mamaci Baba ya ara? Kuɗin da na tara na yin rufin gidanmu duk suna wurinsa. Na bar shi ya tafi.

Kafin a kira Azahar maganar ta yi ƙafafu. Wani ya ce kafili ya kori Baba, wani ya ce ya ga tikitin da idonsa, na daren Alhamis. Da muka fito daga masallaci, layi ya miƙe daga bakin rumfar albasa har wajen masu dankali. Mutanen da Baba ya fitar daga hannun hukuma da kuɗin ajiyar nan, su ne a gaba. Ni ne na bakwai.

Baba ya fito ya dube mu, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jama'a, lafiya?" Lawan ya ce, "Baba, ba wai ba mu yarda da kai ba ne. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Kowa a ba shi nasa yau." Baba ya ce kayan mamaci ya aika, ba nasa ba. Sai dai ba wanda ya san Sa'idu a kasuwar. Wani daga baya ya ce, "Wane Sa'idun?" Aka fara gunaguni.

Sai idon Baba ya faɗo a kaina. Na ga fuskarsa ta saki, kamar wanda ya hango ɗan garinsu a tasha. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ga Usaini nan. Shi ya kai kayan, ku tambaye shi."

Duk aka juyo. Rasit ɗin yana aljihuna, ina jin kaifin takardar a ƙirjina. Da na fito da shi, da an watse kowa ya koma bakin aikinsa. Amma na lissafa cewa in aka watse, ni ma sai jibi, kuma Alhamis jibi ce. Na ce, "Ni dai durum na kai, Baba. Ban buɗe na ga abin da ke ciki ba."

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Haka ne, ba ka buɗe ba." Ya shiga ciki ya ɗauko jakarsa ya zauna a kan buhu, ya fara sallamar mutane ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina ya miƙo mini nawa a ɗaure da roba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, amma na karɓa.

Kuɗin hannu ya ƙare kafin La'asar. Washegari Baba ya sa albasarsa a gwanjo, dillalai suka gane a matse yake, suka saye ta a wulaƙance. Ya sayar da tsohuwar motarsa, ya roƙi kafilinsa albashin watanni a gaba. Waɗanda ya sabunta wa iƙama bai matsa wa ko ɗayansu ba, daga jikinsa ya cike gurbin. Ranar Alhamis da yamma ba wanda ke binsa ko halala ɗaya, wato ko sisi. Ranar Asabar da asuba kuma muka tarar da shi a gaban sikelinsa kamar kullum.

A ranar na kai masa rasit ɗin. Na ce, "Baba, yana aljihuna tun ranar Talata. Ka yafe mini." Ya karɓa, ya warware, ya karanta sunan. Ya ce, "Ai na sani, ɗana. Na hango bakinsa ya leƙo daga aljihunka. Na yafe maka." Na ce to me ya hana ya ce in fito da shi? Ya ce, "Shaidar da aka ƙwato daga aljihun mutum ba ta gyara amana."

A ƙarshen wata mutane suka dawo da albashinsu suna sunkuyar da kai, har da Lawan. Baba ya ce, "Ku yi haƙuri, na tsufa." Bai sake karɓar ajiyar kowa ba. Bayan wata biyu iƙamar Lawan ta ƙare, kuɗin da ya karɓa ya riga ya bi ruwa, kuma babu Baba da zai rufa masa asiri. A kan hanyar Kharj aka tsayar da shi, daga nan sai gida. Bai kasance na ƙarshe ba.

Ɗana da ke karatun tattalin arziki ya taɓa gaya mini cewa haka bankuna suka riƙa durƙushewa a Amurka a zamanin da: a ji ƙishin-ƙishin, kowa ya ruga, banki mai lafiya ya faɗi a yini ɗaya. Na ce masa ya ajiye littafin, ubansa ya yi wannan karatun a kan buhun albasa. Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu na baƙin haure da baƙin halal, ba kuɗi ne ke riƙe da mu ba, yardar da ke tsakaninmu ce. Kuma mai yaɗa jita-jita ba shi kaɗai ke rusa ta ba. Wanda ya san gaskiya ya yi shiru don ya fara tsira da nasa ya fi shi laifi.

A 2016 Baba ya samu huruj na gaske. Ba wanda ya ji labari sai ni, don ni ya sake kira in kai masa kaya Batha. Na je da motar a buɗe, na share bayanta tas. Bayan shekara ashirin da biyar a ƙasar nan, durum ɗaya ya fito da shi, kuma da na ɗaga na ji bai ma cika ba. Ya miƙo mini alƙalami ya ce, "Rubuta sunana da kyau, Usaini, yadda kowa zai iya karantawa."