Abin da Za a Zuba a Ƙafar 'Yata

Wata biyar ƙashin ƙafar 'yata ya ƙi haɗewa. Mota ce ta buge ta a titin Kubwa tana dawowa daga makaranta. Ƙwaurin ya farfashe, aka cire gutsattsarin, ya bar rami. Likita ya ce ƙashi ba ya tsallake rami irin wannan shi kaɗai, amma akwai sabon abu da suke gwadawa, mai kauri kamar kokon da ya huce. Za su cika ramin da shi, ƙashi ya riƙa binsa yana tsirowa yadda wake ke bin karan dawa, shi kuma ya narke a hankali. In ba haka ba, sai a yanko ƙashi daga ƙugunta.

Ranar aikin, an riga an sa mata rigar tiyata lokacin da nas ta kawo takarda. Da yake gwaji ne, suna son sa hannun uwa da uba. Babanta ya sa nasa a tsaye.

Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, Turancina kuwa bai wuce karanta allon bas ba. Na bi layukan da yatsa, ban gane ba.

"Ki sa hannu mana," in ji shi. "Jarrabawa aka ba ki?"

"Malam, so nake in ji da me aka yi shi."

"In an gaya miki, dafawa za ki yi?"

Nas ta duba agogo. "Mama, oga yana jira fa. Akwai wasu a layi."

Ban ɗauki biron ba. Aka kira likitan, ya zo da hularsa ta aiki. Na gaishe shi, na sake tambaya.

"Daga ɓawon jatan lande ake tace shi, Mama. Kirefish ɗin miya."

'Yata tana shekara shida ta sha miyar maƙwabciyarmu mai kirefish, leɓenta ya kumbura, numfashinta ya riƙa fita da ƙara. Tun ranar ban sake saka shi a tukunyata ba. Na faɗa masa.

Ya juya ga babanta. "Ai na tambaye ka ko akwai abin da jikinta ba ya so."

"Na ɗauka magani kake nufi, likita. Zancen miya kuma..." Bai ƙarasa ba. Yana wurin aiki ranar da abin ya faru, ni kuma ba da ni aka yi tambayoyin ba, da Turanci suka yi.

Likitan ya ce an tace abin sosai, wataƙila ba zai yi mata komai ba, amma in ya shiga cikin ƙashi ba a kwashe shi kamar yadda aka zuba.

"Mama, don Allah ki sa," in ji 'yata daga kan gadon. "Na gaji da sandunan nan. Ba na son a yanka ni wuri biyu."

Ban iya kallonta ba. Na miƙa wa nas takardar ban sa hannu ba.

Bayan mako biyu aka ɗebo ƙashin daga ƙugunta. Ƙafar ta haɗe. Ƙugun ne har yau yake mata ciwo in ta daɗe a tsaye cikin bas. Wani lokaci takan ce, "Mama, da kin bari, ƙila da lafiya lau." Nakan ce mata ƙila, don ni ma ban sani ba.