Mukullin da Ya Raka Gawa

Ban taɓa mantawa da Larabar da na koma bakin aiki bayan rasuwar maigidana ba, kuma ba na jin zan manta har in bi shi. A daminar 1999 ne, 'yan watanni bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ni ce mai kula da allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano. Ku da kuka tarar da firji mai aiki da hasken rana, har kuna ƙorafin aiki ya yi muku yawa, ku gyara zama ku ji yadda muka sha.

Firjinmu na kananzir ne, yana cikin sito. Lagwani gare shi a ƙasa kamar fitila, in aka cika tankinsa yakan kai kwana uku. Ƙa'idar aikin biyu ce. Ta farko, kullum safe da yamma a duba ma'aunin sanyi, a rubuta abin da aka gani a takardar da ke manne a ƙofar firjin. Dalili kuwa, allura in ta ji zafi ta mutu, kuma matacciya da mai rai kamarsu ɗaya a ido. Ta biyu, in mai kula da firji zai yi tafiya, sai ya miƙa mukulli ga shugaban asibiti a rubuce. Wannan ta biyun ita ce na karya.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka aiko daga makarantar da maigidana, Baban Ishaku, yake koyarwa, wai ya yanke jiki ya faɗi a cikin aji. Ban tsaya neman biro ba. Na cilla wa Malam Sabo mukullin, na ce, "Ga firji nan," na fita da takalmi ɗaya a hannu. Kafin in isa ya cika.

Malam Sabo shi ne mai kula da kayan sito, dattijo ne mutumin wani ƙauye a gabashin Kano, saura wata takwas ya yi ritaya. Shekara da shekaru muna tsokanar juna. Shi ya ce Hausata ta mutanen kudu ce, ba ta da gishiri, ni in ce goro ya cinye masa haƙora da albashi. Washegari da za a ɗauki gawa zuwa garinmu a Kudancin Kaduna, sai ya cika tankin firjin, ya kulle sito, ya jefa mukullin a aljihu, ya shiga motar masu rakiya. Ba wanda ya ce ya zo. A lissafinsa jana'iza ai jana'iza ce: a isa, a yi addu'a, a binne, a juyo, in ta yi nisa a kwana ɗaya. Bawan Allah bai san mu sai mun jira na Legas da na Jos sun hallara ba. Motar da muka yi shata ba za ta juyo ba sai an binne, ƙauyenmu kuwa da damina mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Kwana biyar ya yi a can.

Kuma bai zauna a banza ba. Da shi aka haƙa kabarin mijina. Yakan shimfiɗa buzunsa a gindin mangwaro ya yi sallarsa, surukata kuwa duk kazar da za a dafa sai ta aika masa da wuƙa ya yanka da hannunsa don ya samu ya ci. A asibiti kuma kowa ya ɗauka mukullin yana wajen wani, tunda an dakatar da allurar mako-mako ana jiran babban gangamin rigakafin da sabon ciyaman na ƙaramar hukuma zai buɗe.

Bayan kwana goma sha uku na koma aiki, ranar Laraba, gangamin kuwa Asabar. Aka gama yi mini gaisuwa na shiga sito. Firji yana ci, sanyi daidai, takarda a cike ba gurbi. Amma na daɗe a aikin nan. Lambobin kwana biyar ɗin nan iri ɗaya ne sak, da biro ɗaya, tsaf-tsaf, ba ko ɗigon kananzir a jiki, alhali takardarmu kullum kamar ta mai tuyan ƙosai take. Na buɗe firjin. Kwalayen sun jiƙe sun bushe sun yamutse. Na ɗauko kwalbar maganin shan inna, wadda ita kaɗai ce a lokacin take da ɗan tabo a jiki mai yin duhu in ta ji zafi. Tabon ya yi baƙi ƙirin.

Na kira Malam Sabo na rufe ƙofa. Bai yi mini musu ba. Ya ce ya dawo ya tarar lagwani ya mutu, ƙanƙara ta zama ruwa, sai ya kunna ya cike takardar.

"Sista, da wane bakin zan tare ki da wannan, kina cikin takaba? Na ce in rufa mana asiri."

"Malam, allurar ta mutu fa."

"Ta shan inna ce ta nuna. A ce kwalinta ya faɗi ta fashe. Ta ƙyanda ai ba ta da tabo, wa zai sani?" Sai ya sunkuyar da kai. "Wata takwas ya rage mini, Sista. Ke kuma ga marayu huɗu."

Gaskiya ya faɗa, ba mai sani. Kuma a 'yan kwanakin nan raɗe-raɗi ya cika gari cewa za a tantance ma'aikata, mu da ba 'yan asalin jiha ba muna tafiya kamar a kan ƙwai. In na yi magana, aikina da nasa suna iya tafiya tare. In na yi shiru, ranar Asabar iyaye mata za su kawo 'ya'yansu a tsira musu ruwan banza, a rubuta a kati an yi musu rigakafi, su koma gida hankali kwance, ƙyanda kuma tana nan tafe da bazara. Gaba kura, baya sayaki. Na ce masa ya bar ni zuwa gobe.

Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tun ranar da aka binne Baban Ishaku ban yi addu'a ba. In ana yi nakan rufe ido in ce amin don kunyar mutane, amma a zuciyata fushi nake da Ubangiji. Mutum ya karya da kunu a gabana lafiya lau, kafin azahar a ce babu shi? Littafi Mai Tsarki yana kan tebur, ko ƙurarsa ban kaɗe ba.

Da la'asar ɗin ranar matan zumuntar cocinmu suka zo gidana a Tarauni, kamar yadda suke yi wa duk wadda aka yi wa rasuwa. Suka share tsakar gida, suka yi wa yara tuwo, suka rera waƙoƙi. Da suka watse, Mama Saratu ta ƙi tashi. Tsohuwa ce 'yar Filato mai sayar da doya, ta binne miji da 'ya'ya biyu, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Rifkatu, bakinki yana motsi amma ba waƙa kike ba. Wannan fuskar ba ta makoki kaɗai ba ce. Me ya faru?"

Na kwashe duka na gaya mata, har da fushin. Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Fushin, shi za ki gaya wa, ba ni ba. Buɗe Zabura ki gani, rabinta kukan mutanen da suka ga kamar ya juya musu baya ne, kuma bai kore su ba. Ya saba."

"To yaran fa, Mama? In aka kore ni me za su ci?"

"Ni ban san firji ba, 'yata, doya na sani. Amma ban taɓa ganin Ubangiji ya ciyar da marayu da ran 'ya'yan wasu ba. Ba zan ce miki ba za a kore ki ba, ni ba annabiya ba ce. Abin da na sani, in an kore ki ba ke kaɗai za ki fita ƙofar ba." Ta nuna ni da yatsa. "Kuma kar ki je ki sayar da dattijon nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da naki laifin za ki fara."

Ta kama hannuwana ta ce in yi addu'a. Na buɗe baki, duk doguwar addu'ar da na iya ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, tsoro nake ji." Sai kuka, irin wanda ko a bakin kabari ban yi ba. Tsoron bai tafi ba, kar in yi muku ƙarya. Amma wani nauyi da ya danne mini ƙirji mako biyu ya ɗaga, na ji ba ni kaɗai ba ce a ɗakin, kuma na san abin da zan yi gobe.

Da safe na fara zuwa wajen Malam Sabo, na ce masa zan tafi ofishin Alhaji Bala, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Na kama hanya, ina waiwayawa na gan shi a bayana.

Alhaji Bala yana tsakiyar rabon aikin ranar Asabar, an riga an kama rumfuna, an gayyaci masu unguwanni. Na ajiye kwalbar a gabansa, na ce, "Ranka ya daɗe, na bar wurin aiki ban miƙa mukulli a rubuce ba, firji ya mutu, allurar duka ta lalace." Malam Sabo ya karɓa da bakinsa, ya faɗi tafiyar, ya faɗi takardar da ya cike. Alhaji ya cire hula ya ajiye a tebur.

"Wa ya san wannan ban da ku biyu?"

"A asibiti ba kowa, ranka ya daɗe. Sai Allah."

"To ai ya isa," in ji shi. Bayan nan fa ya buɗe mana wuta, har masinja ya gudu daga bakin ƙofa. Shi ne zai je ya gaya wa sabon ciyaman a ɗage taron farko da zai yi a gaban jama'a, kun san ba ƙaramin abu ba ne.

Aka ɗage gangamin mako biyu, aka nemo sabuwar allura. Aka ba mu takardar neman bahasi, wato mu bayyana a rubuce dalilin da ba za a hukunta mu ba, sannan kwamiti ya zauna. Ni aka ba ni gargaɗi, aka hana ni ƙarin girman da nake jira, sai da na yi shekara uku a mataki ɗaya. Malam Sabo nasa ya fi nauyi saboda rubutun da ya yi: dakatarwa ta wata uku, kuma aka raba shi da sito. Ba a kori kowa ba.

Amma ya daina yi mini magana. In mun haɗu a hanya sai ya duba wani gefe. A asibiti kuma ana ta ƙus-ƙus, wai dubi sakayyar da ta yi wa mutumin da ya haƙa kabarin mijinta. Wannan maganar ta fi hana ni ƙarin girma ciwo, domin akwai gaskiya a cikinta. Kullum da safe kafin in duba ma'auni nakan sa sunansa a addu'a, ban san kuma abin da zan yi masa ba bayan wannan.

Ranar gangami tebur uku muka kafa a ƙofar gidan mai unguwa. Ciyaman ya ɗiga wa yaro na farko, aka tafa, manya suka tafi, muka shiga aiki. Wajen azahar na ɗaga kai na hango namiji ɗaya tilo a layin mata, da yarinya a kafaɗa. Malam Sabo ne da jikarsa. Sau biyu ana kiransa wani tebur yana cewa ta bayansa ta wuce, har ya iso gabana. Bai gaishe ni ba. Ya nuna kwalbar da ke hannuna da haɓa.

"Ke kika duba ta?"

"Ni na duba, Malam. Safe da yamma."

Ya zauna a benci, ya ɗora yarinyar a cinya, ya naɗe mata hannun riga. "To yi mata."

Sai da na ajiye sirinji na share ido da bakin mayafi kafin in yi mata allurar. Yarinyar ta tsala ihu, ya rarrashe ta, ya karɓi katinta ya miƙe. Har ya juya sai ya ce, "Yaya su Ishaku? Ki gaishe su."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku kuma ku riƙe. Uwar da ta miƙo muku hannun ɗanta ba ta da yadda za ta gane abin da ke cikin kwalba, likita ma bai da shi, ciyaman bai da shi. Daga ke sai Allah. Ni a makon da na fi kowane mako rauni a rayuwata aka ɗora mini wannan, kuma ba ƙarfina ne ya kai ni ofishin Alhaji Bala ba. Don haka in dare ya yi wa ɗayanku tsakar rana, kar ya jira sai ya iya doguwar addu'a. Ya faɗi abin da ke bakinsa, sannan ya je ya rubuta abin da ma'auni ya nuna.