Mai Kwalabe da Dangin Matarsa

Shekara talatin da ɗoriya Mai Kwalabe yana sayar da maganin mantuwa a ɗan shagonsa, tsakanin tela da mai gyaran takalmi. Garin ganye ne da saiwa yake kwaɓawa da zuma, cokali ɗaya safe da yamma. Lokacin jarrabawa ɗalibai har layi suke yi. Wanda ya ci ya dawo godiya, wanda ya faɗi kuwa a ce masa ai na yamma ya manta bai sha ba. Shi kansa mai maganin sau uku yake komowa gida kowace safiya: mabuɗi, tabarau, sai kuma zuwan da yake yi don ya tuna abin da ya kawo shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ko lasar maganin ba ta taɓa yi ba, amma ita ke tsaye bakin ƙofa da abin a hannu.

Wuri ɗaya ne ba a kama shi: kakanninsa. Tara ya haddace, uba bayan uba, da sana'ar kowa da ciwon da ya yi ajalinsa. Ka zo sayen maganin basir, sai ka tafi da uku daga cikinsu kyauta.

Jikansa na wajen 'yarsa ta fari yana shekara biyar aka lura ba ya gudu kamar sauran yara. A kan yatsu yake tafiya, ya yi ta faɗuwa, in zai tashi sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyi kamar mai hawa tsani. Mai Kwalabe ya yi shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata shida, abu ya ƙi, dole aka nufi asibiti. Gwajin jini ya nuna ciwon tsoka ne na gado. Tun ranar kakar yaron ta wajen uba take sakin magana, wai su dai danginsu kowa da ƙafarsa ya shiga kabari. Maganar ta ci Mai Kwalabe ƙwarai. Da likita ta ce tana son ganin dattawan gidan don ta ji tarihin iyali, ya sa rigarsa mai kyau, ya ce yau zai wanke gidansa tas.

Likitar yarinya ce, sa'ar autarsa. Ta zana ɗan akwati a takarda, ta ce kowane namiji akwati, kowace mace da'ira. Bai jira tambaya ba ya kama jero kakanni, har da wanda ya ɗaga jaki da hannu ɗaya. Ta bar shi ya kai na shida, sannan ta yi murmushi.

"Baba, Allah ya jiƙansu, amma yau ba su muke nema ba. Wannan ciwon ta wajen uwa yake bi."

Ta yi bayani a hankali. Ƙwayar halittar da ke riƙe tsoka, mace biyu take da ita, in ɗaya ta samu matsala ɗayar ta rufa mata asiri. Namiji kuwa ɗaya tak ya gada, daga uwarsa. Shi ya sa mace kan ɗauka ba ta sani ba, ta ba 'yarta, sai a kan ɗa namiji abin ya fito. Ta tambaye shi 'yan'uwan Inna maza nawa ne. Shekara arba'in suna tare, abin da Mai Kwalabe ya sani game da danginta bai wuce cewa suna cika gishiri a miya ba.

Inna, da ke zaune gefensa tana kallon ƙasa, ta ce tana da ƙane. Ita ta riƙa goya shi tun yana shekara goma sha biyu, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, bai kai sha bakwai ba ya rasu. A gidansu an ce iska ce, aka daina ambatonsa. Tun ranar da ta ga jikan ya dafa gwiwa ta gane, tsoro ya hana ta magana. Likita ta ce ba laifin kowa ba ne, ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Inna ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba. Kunya da tausayi suka rufe Mai Kwalabe lokaci ɗaya.

A barandar asibiti kakar wajen uba ta tare su, tana son jin daga ina abin ya fito.

"Ta wajen uwa ne," in ji shi. "Uwar kuma 'yata ce. Mai magana ya same ni a shago, ina nan har magariba."

Ta juya ta ba su hanya.

A hanyar gida ya rage sauri, abin da bai saba ba, har Inna ta jera da shi. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ƙanen nan naki, yaya sunansa?"

Shekara hamsin ba wanda ya tambaye ta. Ta buɗe baki za ta faɗa, kuka ya riga sunan fitowa, shi kuma ya tsaya a gefen titi yana jira.