Masarar Bakin Rariya

Ranar wata Laraba ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ina da shekara tara ko goma, don mu ba a rubuta mana haihuwa ba. Inna ta taka turmi ta miƙa hannu saman murhu, ta sauko da goyon masara ɗaya tak da ta rataye tun kakar bara. Hayaƙi ya mayar da ɓawon baƙi ƙirin. Da ta ɓare, sai ga ƙwari sun cinye kusan rabi. Ta murje sauran a faifai, ta tsince masu huji, abin da ya rage bai wuce cikin tafin hannun Baba ba. Irin da muke da shi ke nan a duniya, kuma babu maƙwabcin da za a roƙa, kowa ta kansa yake yi.

Ƙauyenmu yana gefen Ɗanbatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka ganin daji sai kuka da gawo tsakanin kunyoyi. Daminar bara ba ta yi albarka ba, rumbu ya yi ƙasa tun tsakiyar rani. Mun koma kwaɗon zogale da ɗan ƙuli, wata rana kunun dusa. Ƙanena Sani, da ba a daɗe da yaye shi ba, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Kowa ya san masarar gida ce ke riga gero nuna, ita ce ke riƙe ciki kafin sabon hatsi ya shigo. In ta lalace, to sai abin da Allah ya yi.

Garkarmu tana bayan gida, an kewaye ta da dangar kara, faɗinta bai fi ɗaki huɗu ba. A ciki ake shuka kuɓewa, da yakuwa, da barkono, da kabewa mai cin fili kamar baƙon da ba ya jin kunya. Baba ya tsaya da fartanya a kafaɗa ya ce za a jera masarar layi ɗaya a gindin dangar gabas, kamar yadda mahaifinsa yake yi, don kada ta tare wa kayan miya wuri. Inna ta ce a kai ta kan tsohon juji, can ne taki yake. Baba ya ce juji a shekarar fari wuta ne, ƙone tsiro zai yi. Kowa ya kafe a kan tasa, suna kallon faifan da aka ba ni riƙo.

A zamaninmu yarinya ba ta sa baki in manya suna magana. Amma akwai abin da na sani wanda su ba su sani ba, kuma wasa ne ya koya mini. Ni mai son ginin tukwanen wasa ce. Duk rani, in na gama ɗebo ruwa da share turken awaki, sai in zagaya neman ƙasa mai laima da zan kwaɓa. Na tone garkar nan lungu-lungu da tsinken kara da guntun sakaina, na sha duka a kan ɓata zane. Wuri ɗaya ne kawai ƙasa ke damƙuwa a hannu har cikin zafin bazara: kusurwar yamma, inda rariyar gidanmu ke fitar da ruwan wanke-wanke da na alwala, bayan ya bi ta gefen turken awaki.

Sai na ji bakina ya ce, "Baba, a sa ta a bakin rariya." Inna ta harare ni. Baba ya juyo a hankali ya ce, "Kulu mai tukwane, yaushe kika fara noma?" Na ce ya tona ya gani. Bai yi dariya ba. Ya je gindin dangar gabas ya sara, bai yi nisa ba ya tarar da busasshiyar ƙasa, ruwan jiya bai ratsa ba. Ya zo bakin rariya ya sara, ya ƙara sarawa, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo ƙasa baƙa mai sanyi, ta tsaya a tafinsa kamar curin fura. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Wurin ya yi kaɗan, za su cunkushe." Inna, da ta gama hararata, ita ce ta tsaya mini. Ta ce, "Masara 'yar dangi ce, Malam. In ta tsaya ita kaɗai, giɓi take yi kamar bakin tsohuwa."

Haka aka yi. Baba yana sara, ina jefa ƙwaya bibbiyu ina rufewa da diddige, layi biyar gajeru a jikin juna. Amma namiji ba ya sakin maganarsa gaba ɗaya, sai da ya rage irin rami goma ya kai dangar gabas.

Tsiro ya fito, ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, mu yara muna biye da tsofaffi, muka dawo da ƙura a ƙafa. Na dangar gabas suka naɗe ganye, suka yi fari, iska ta kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ma da rana sukan naɗe, har in tsuguna a gabansu ina kuka a ɓoye, don na san in suka mutu bakina ne ya kashe su. Amma da asuba sai su buɗe. Inna ta kafa doka, ko ruwan wanke hannu ba a watsarwa a tsakar gida, sai a bakin rariya. Baba da kansa ya mayar da butarsa can, nan yake alwala sau biyar. Ni kuwa na bar wasan carafke da 'yar gala-gala, na zama mai gadin kaji da awaki, ina toshe ɓular danga da ƙaya.

Da ruwa ya dawo, suka miƙe suka wuce kaina, suka fitar da bununi, suka yi gemu, suka yi goyo. Ranar da aka karya na farko, Inna ta gasa a garwashi, ƙamshin ya cika gidan. Ƙwayoyi reras, babu giɓi ko ɗaya. A gidanmu maigida ake fara miƙa wa komai. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya karya biyu, ya ba Sani rabi, ya miƙo mini rabi da hannunsa na dama ya ce, "Mai gona ke fara ci." Ba mu ƙoshi ba a shekarar, ba zan yi ƙarya ba, amma bibbiyu a rana ta kai mu har gero ya nuna, Sani kuma ya tashi. Goyo uku mafi kyau Inna ta rataye saman murhu, ko da muna kallonsu muna haɗiyar yawu. Tun daga ranar, in za a yi shuka a garka, Baba yakan ce a kira Kulu.

Yanzu ina zaune a birni, unguwar Bacirawa, wurin ɗana, tsakar gidan duk siminti, ruwan wanka yana bi ta bututu ya ɓace ban san inda yake zuwa ba. Jikokina a bakin titi suke sayen gasasshiyar masara, ba su taɓa ganin ta da gemu a jikin karanta ba. Bana na sa aka cika mini tsofaffin buhuna shida da ƙasa don in shuka masara. Suka jera mini su layi ɗaya a jikin katanga don kyan gani, na ce a'a, a tara su wuri ɗaya kusa da inda nake alwala. Suka yi dariya, suka ce Kaka da rigima. Wanda ya taɓa damƙar ƙasa mai sanyi a shekarar fari, hannunsa ba ya mantawa.