Bari-Ya-Yi-Zafi

Kowa a duniya cewa yake bari ya huce, in ban da kawuna. Shi "bari ya yi zafi" yake cewa, har sunan ya bi shi wurin aiki.

Gyaran injin lesa ne sana'arsa, irin wanda ke zana rubutu a jikin ƙarfe. A cikin injin akwai wata 'yar sandar dutse garai-garai, ba ta wuce fensir ba, da madubi gaba da baya. Fitila mai ƙarfi ke ɗura mata haske har ta fitar da nata. To, in ji kawu, da dutsen ya sha haske sai halinsa ya sake: cikinsa ya fi gefensa zafi, ya riƙa tanƙwara haske kamar gilashin tabarau. Wanda ya saita madubai da sanyi, aikin baban giwa ya yi. Don haka sai ya kunna inji, ya ja kujera, ya harɗe hannu. Masu shago su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Ba a littafi ya koya ba. Yana saurayi ya saita wani inji da sanyi, ya ɗage tabarau mai duhu yana murna. Dutse ya ɗau zafi, haske ya goce, ya tafi da idonsa na hagu. Tun daga nan, in ya gan ka kusa da inji ba tabarau, ko kai ne maigidansa sai ka sha faɗa.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa na daman. Aka yi aiki aka cire, bayan shekaru hazo ya dawo. Likita ta ce abu mai sauƙi ne, da lesa za a share. Kawu ya ɗauki hularsa ya fita.

Muka yi lallashi har muka gaji. Matarsa ta ce ba ta san ta auri matsoraci ba, ya ce gara matsoraci mai ido ɗaya. Ni kam tausayinsa nake ji. Ranar da jikarsa ta shigo ya tambaye ta 'yar gidan wa ce, shi da kansa ya ce in kai shi.

Ɗakin likitar ƙarami ne, injin ma bai kai nasa ba. Ya shafa jikin injin da bayan hannu, ya dubi likitar.

"'Yata, yaushe kika kunna shi?"

"Tun safe, Baba. Kai ne na ƙarshe."

Sai ya ciro tabarau mai duhu daga aljihu, wanda ban ma san ya zo da shi ba, ya miƙo mini. Sannan ya ɗora haɓarsa inda ta nuna, ya buɗe idon.

Da aka gama, muka kama hanyar gida har muka kai ƙofa. Nan ya dube ni da kyau, ya ce ashe ni ma na yi furfura.