Dalar Gyaɗar Inna

Uwar mijina, wadda kowa a gidan yake kira Inna, ba mace ce mai roƙo ba. Tunda aka kawo ni gidan, a wani ƙauye da ke bayan Yankara, ban taɓa jin ta ce wa ɗanta ya saya mata ko ɗankwali ba. Abu ɗaya ne ta nema da bakinta: a kai ta Kano ta ga dalar gyaɗa.

Ɗan nata ne ya jawo, wato Malam, maigidana. Yana saurayi ya je Kano koyon ɗinki, ya dawo da keken ɗinki da kuma baki. Duk kaka, in an baje gyaɗa a tsakar gida muna ɓarewa, sai ya zo ya tsaya a kanmu, ko ƙwaya ɗaya bai ɓare ba, ya fara: buhu kan buhu, buhu kan buhu, in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. Wai duk gyaɗar da masu sikeli suke saya a kasuwar Yankara can take tafiya, a jera ta kusa da hanyar jirgin ƙasa har ta zama tsauni. Kowace shekara dalar tana ƙara tsawo a bakin Malam. Ni dariya nake yi, Inna kuwa ba ta dariya. Tun tana yarinya a ƙasar Sabuwa take noman gyaɗa, bayan aure ma gayaunarta ba ta san wata shuka ba, kuma ba ta taɓa sanin inda wahalarta take ƙarewa ba sai daga bakinsa. Takan ce, "To ashe akwai tawa a ciki."

Sai idonta ya fara yana. Da farko zare ne ya gagare ta zurawa a allura, daga baya ta koma gane mu da murya. Da rana tsaka tana ganin abu in babba ne, kamar rumbu ko raƙumi, amma fuska sai an matso mata. Ba ta yi ƙorafi ba. Wata rana dai bayan an gama cirar gyaɗa ta ce wa Malam, "In za ka kai ni, ka kai ni bana. Baɗi ban san da mi zan kalla ba."

Lokacin kuwa Malam ya samu. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka buɗe firamare ko'ina, shi kuma ya sami ɗinkin kayan 'yan makaranta, keke ba ya hutawa. Ya sayi rediyo, ya sayi agogon hannu da yake dubawa ko ba a tambaye shi lokaci ba. Sai ya ɗauki shatar a-kori-kura, ya ce ba Inna kaɗai ba, da ni da yaranmu biyu duk za mu je mu buɗe ido. Gyaɗa kuwa ta yi 'yan shekaru tana ba mu kunya. Fari ya taɓa ta, wata cuta mai nannaɗe ganye ta biyo baya, masu sikeli suka rage zuwa. Duk mun san haka, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da ya sami gonakinmu zai iya samun Kano.

Ana gobe tafiya na tarar da Inna a bakin ɗakinta tana zaɓen gyaɗa da yatsu, tana ware manya masu cika, tana ƙullewa a wani farin ƙyalle.

Na ce, "Inna, guzuri ne? Ai na yi mana ƙuli da dambu."

Ta ce, "Ba ta ci ba ce. Kullum wasu ke kai mani. Wagga da hannuna za ni aza ta."

Muka tashi bayan asuba. Inna a gaba kusa da direba, da ɗanmu namiji a cinyarta, wanda take tsokana da angonta. Ni da Malam da 'yarmu muna baya a kan tabarma. Dawa ta nuna ko'ina, kawunanta sun yi ja sun sunkuya, an ɗaɗɗaura harawa a rassan itatuwa saboda awaki. Daga Sheme har Malumfashi har Gwarzo Malam bai yi shiru ba. Kowace gada sai ya yi mini bayaninta, ka rantse shi ya gina ta. Ban hana shi ba, don ni ma raina fari tas yake ranar, ban taɓa wuce Funtuwa ba.

Kano ta cika mini ido, ba zan ɓoye ba. Motoci sababbi fil, babura, gidajen sama ana ta ginawa, ko'ina tulin yashi da ƙarfe. Da direba ya tsaya a tsakiyar titi ba tare da kowa ya tare shi ba, Inna ta tambayi dalili. Ya ce fitila ce ta ba da ja. Ta ce, "Hitila ke ba mutane umarni garin nan? Allah shi kyauta." Muka ga ganuwa, muka hango Dutsen Dala, muka shiga wani kanti mai bangon gilashi inda Malam ya saya wa yara lemon kwalba mai sanyin da ya sa 'yarmu ta riƙe haƙori. A gidan zu yara suka ƙi barin wajen birai, ni kuma na tsaya gaban jimina ina mamakin wannan uwar kaza. Da aka ce wa Inna ga kura, ta ce ita ta sha jin kukanta a dajin Sabuwa, kuma ba a keji ba.

Duk inda motar ta tsaya sai Inna ta dafa ƙullinta ta ce, "Nan ne?" Malam ya ce, "Da saura, Inna." Ya ajiye dalar sai ƙarshe, kamar yadda yaro yake ajiye tsokar nama sai ya gama tuwo. Da na ga an yi la'asar na ce masa, "Malam, rana tana yin sanyi, idon Inna kuma da rana yake aiki." Sannan ya ce wa direba a nufi hanyar jirgi.

Muka isa wani makeken fili. Awaki na kiwo, yara na buga ƙwallo, ga wata tsohuwar babbar mota ba tayu. Malam ya leƙa ya ce wa direba ya ƙara gaba. Aka ƙara. Ya ce a dawo baya. Aka dawo. Daga nan ya sauka ya nufi wani dattijo maigadi da ke zaune a inuwar shinge. Ina hango su, dattijon yana nuna filin da sandarsa yana kaɗa kai. Da Malam ya dawo bai je wajen Inna ba, ni ya yafito bayan mota.

Ya ce, "Babu."

Na ce, "Mi ne ne babu?"

"Dalar. Wai tuni aka kwashe ta ƙarshe, ba a sake yin wata ba. Gyaɗar ba ta zuwa."

Tunda na aure shi ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba sai ranar. Ya tsaya yana murza agogonsa. Can ƙarshen filin akwai wani tulin buhuna da aka sauke daga jirgi, an jera su hawa-hawa, tsayinsu ya kusa na gidan sama, an rufe rabi da tampol. Siminti ne, ko makaho ya sani, in ji zuciyata, sai kuma na ji kunyar abin da na raya. Malam ya dubi tulin, ya dube ni, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Don Allah kar ki ce komi."

Abin bai kwanta mini ba, amma na ɗaga masa kai. Ya je ya buɗe wa Inna ƙofa, ya juya ta ta fuskanci tulin, ya ce, "Ga ta nan, Inna." Ta kare ido da tafin hannu, ta ɗaga kai a hankali har sama. Ta ce, "Kai! Tubarkalla." Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo mini hannu ta ce, "Kama ni, ɗiyar nan, mu matsa."

Malam ya ce, "Inna, daga nan an hi ganinta da kyau."

Ta ce, "Tun daga Yankara na taho in tsaya nesa?"

Daidai nan ɗanmu ya buɗe baki ya ce, "Baba, ai wannan..." Malam ya sure shi, ya ja 'yar'uwarsa, wai su zo su ga taragon jirgi. Can ya tsaya da su, amma idonsa yana kanmu.

Muka taka ni da ita. Tun kafin mu isa na ji tafiyarta ta ragu. Ta ja iska da hanci, ta sake ja. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka ajiye gyaɗa ya san tana sallama tun daga ƙofa, nan kuwa babu ƙanshin komai. Da muka isa ta ɗora hannu a kan buhu. Ba algarara ba ce, takarda ce, mai tauri kamar dutse. Ta shafa, ta murza garin da ya manne mata a yatsu, ta kai hanci. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin garin nan gaba ɗaya, da fitilunsa da gilasansa.

Ta damƙe mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Shina kallonmu?"

Na ce, "Shina kallo, Inna."

Ta ce, "To."

Ta kwance ƙullinta. Ta ɗaga hannu sama yadda na nesa zai gani, ta riƙa zuba gyaɗar a hankali cikin tsagin da ke tsakanin buhu biyu, har ta ƙare, ta kakkaɓe ƙyallen. Sannan ta goge tafinta a cikin zanenta, ta ɓangaren da ba a gani.

Ta ce, "Irin wanda aka yi wa masallacinmu daɓe da shi ne. Kar ki hwaɗa mashi na gane. Yaron nan mota guda ya ɗauko saboda ni."

Da muka dawo wajen mota ta lalubi kafaɗar Malam ta ce, "Na gani. Allah shi yi maka albarka. Ashe ba ƙari kake yi ba, har ta hi yadda kake hwaɗi." Malam ya ce amin, ya juya yana duba agogo, ya daɗe yana dubawa.

A gida Inna ta ba matan unguwa labari har suka gaji. Dalar ta tashi daga bakin Malam ta koma nata, kuma a can ma ba ta daina tsawo ba. Shi kuwa bai sake ba da labarin ba. In an baje gyaɗa sai ya jawo kujera ya zauna ya taya mu ɓarewa, yana yi yana fasa ƙwayar. Kafin wata kakar idon Inna ya rufe gaba ɗaya, kamar yadda ta faɗa. Ta yi shekaru bayan haka, ni ke kai ta duk inda za ta, kuma ko sau ɗaya ba mu sake tayar da maganar ba.

Bayan rasuwarta, ranar da aka yi sadakar arba'in mutane suka watse, ina wanke ƙore a bakin rijiya sai Malam ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ranar nan a Kano, ke kina kusa da ita. Kina ganin ta gane?"

Na ji yatsunta a wuyan hannuna kamar yanzu ta damƙe. Ban ɗago ba, na ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ke hannuna.

Na ce, "Malam, ba da idonka ka ga ta zuba gyaɗarta ba?"

Ya ce, "Haka ne. Na gani." Ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tsuguna ya fara miƙo mini sauran ƙoren.