Ofis, Kina Ji Na?

Direbobin kamfanin tasi ne suka sa mata suna Ofis, har sunan ya bi ta gida. Mijinta tela, in ya rasa almakashinsa sai ka ji ya ɗaga murya, "Ofis, Ofis, kina ji na?" Ita kuma daga kicin ta ce, "Ina jin ka. Tashi daga kan yadin nan, a kansa kake zaune."

A wani ɗan ɗaki a saman bene take aiki: wayoyi uku, rediyon oba-oba ɗaya na magana da direbobi, da taswirar gari da ta koɗe a bango. Fasinja ya bugo waya, ita ta tura masa mota. Direbobi a ƙasa suke karɓar makulli, ita kuwa ta matakalar baya take hawa, shi ya sa babu wanda ya san fuskar wani. Da lambar mota ta san su, su kuma da murya suka san ta. Kunnenta ne abin tsoro. Direba ya ce yana kan gada, sai ta ce, "Gadar da ake kaɗa shayi a kai? Ai ina jin ƙarar cokali."

Wata safiya ta zame a banɗaki, ƙashin bayanta ya taɓu. Ta yi shekaru a kwance kafin ta koma kan keken guragu. A zaman jinyar nan ta koyi wata sabuwar murya, 'yar siririya: "Don Allah in ba damuwa." "Na gode, Allah ya saka." Kafin ta warware, kamfanin ya rufe, mai shi kuma ya rasu.

Ana nan sai ta ji wani kamfanin motocin ɗaukar marasa lafiya yana neman mai amsa waya da tura motoci. Da ta je, manajar wurin, mace marar wasa, ta saurare ta sosai, sannan ta ce, "Aikin zaune ne, keke ba matsala ba ne. Amma ran mutane ne a kan layin nan. Kawo min mutum biyu da suka yi aiki da ke su shaide ki. In Juma'a ta wuce, akwai wadda ke jira."

A gida ta zuba tagumi. "Maigida, wa zan kawo? Ko a hanya muka haɗu da su, wuce juna za mu yi."

"Wane ne kika fi yi wa faɗa?"

"Lamba Tara."

"To shi ba zai manta da ke ba. Ni shaida ne."

Bayan tambaye-tambaye suka same shi a bakin tashar jirgin ƙasa, inda 'yan tasi ke jiran fasinja. Dattijo ne mai tumbi, ya jingina da motarsa, ga kofin shayi a hannu. Ofis ta matsa da kekenta, ta gaishe shi da 'yar muryar nan ta asibiti.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah in ba damuwa, ni ce wadda nake tura muku mota a kamfani. Taimako nake nema, ka shaide ni a wurin aiki."

Ya kalle ta, ya kalli keken, ya kalli tela. Da taushi ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ba zan shaidi wadda ban sani ba. Ofis ɗinmu ƙatuwar mace ce, sai ta sunkuya take shiga ƙofa."

"Ka taɓa ganinta?" in ji tela.

"Sai na gani? Wanda ya ji muryar nan ai ya san tsayin mai ita."

Ofis ta sa hannu a kan taya za ta juya. Tela ya riƙe keken, ya ce, "Af, to mun yi kuskure. Amma Malam, an ce matar nan ta wahalar da ku."

"Su dai ta wahalar," in ji Lamba Tara, ya kurɓi shayi. "Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa kama ni ba. In na ce mata ina kan gada, shi ke nan, ta yarda."

"Lamba Tara!" Ofis ta daka tsawa da muryarta ta da.

'Yan tasin da ke wurin duk suka waiwayo.

"Wace gada? Kai da kullum nake jin cokalinka a kofi, da rediyon mai faci a bayanka? Fasinja na jira a bakin asibiti, kai kana hura shayi!"

Kofin ya kuɓuce masa. Ya miƙe tsaye ƙyam, bakinsa ya riga tunaninsa: "Ga ni nan a hanya, Ofis!"

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. Lamba Tara ya durƙusa a gaban keken, yana dariya yana goge ido da hularsa. "Ke ce? Duk ke ɗin nan ce? Ashe 'yar wannan ce ta hana mu sakat! To me ya sa kika zo min da muryar aro?"

"Ita aka sallamo ni da ita daga asibiti."

"Mayar musu da abarsu. Mutum nawa aka ce ki kawo?"

"Biyu."

"Bar min sauran."

Ranar Juma'a da safe ya zo ofishin manaja sanye da rigar da ta sha guga. Manaja ta buɗe biro. "Malam, ka taɓa ganin aikin wannan matar?"

"Wallahi ko sau ɗaya, ranki ya daɗe."

Ofis ta juyo ta kalle shi. Manaja ta rufe biron.

"Ji muka yi," in ji shi. "Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani tsoho ya suma a bayan motata. Babban titi ya cika da ruwa, sai salati nake yi. Ta ce min, 'Lamba Tara, yi salatinka, amma ka karya hagu.' Lungu-lungu ta bi da ni, ta inda ban taɓa sanin mota na wucewa ba. Ina jin ta a ɗaya wayar tana gaya wa asibiti su fito da gado. Tsohon nan har yau in ya gan ni sai ya yi min ƙorafin gudu."

Manaja ta gyaɗa kai. "To na ji ɗaya. Ina na biyun?"

Kafin a amsa, maigadi ya faɗo ɗakin yana haki. "Ranki ya daɗe, wasu 'yan tasi sun cika harabar nan, sun tare ƙofa! In aka kira mu yanzu, motarmu ba ta da hanyar fita."

Lamba Tara ya sosa ƙeya. "Mutum ɗaya na gaya wa. Shi ne bakinsa ba ya shiru."

Ofis ta tura kekenta bakin taga. Fuskokin da ke ƙasa baƙi ne a wurinta, amma hayaniyarsu duk ta san ta. Ta buɗe gilashin.

"Lamba Huɗu, na ji tarinka, ja da baya zuwa bakin famfo! Lamba Sha Biyu, har yanzu ba ka gyara salansar nan ba? Fita waje ka yi dama! Lamba Biyu, bar gardama, bi bayansa!"

Tsofaffin direbobi suka ruga motocinsu suna ihu, "Ofis ce! Wallahi ita ce!" Kafin maigadi ya koma bakin ƙofa, hanya ta buɗe.

Manaja ta sake buɗe bironta. "Litinin da safe. Ki ce wa ɗaya daga cikinsu ya hawo ya sa hannu. Ɗaya tak, don Allah."

Ran Litinin tela ya kawo ta da sabon matashin da ya ɗinka wa keken. Tana zama waya ta yi ƙara. Ta ɗauka da sauri.

"Ofis, Ofis, kina ji na?"

"Lamba Tara, wannan layin na marasa lafiya ne. Me ke damunka?"

"Lafiyata ƙalau. Gwadawa nake yi in ji ko kin iso."

"Na iso. Ajiye min waya. Kuma ka rage sukarin nan, tun ɗazu nake jin cokali."